Ragon Layyata da Karatun Cikin Waya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga yayan Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina fatan takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya. Ina gajiya, ina baƙunta, yaya zafin Bakura? A gaishe mani da maigidan da ya ba ka ɗaki, shi da iyalinshi, da abokan aikinka na shago. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya raba ka da mugun ji da mugun gani, ya kai ka Maradun da ƙauyukanta lafiya, ya maido ka lafiya. Mu nan Mafara duk lau muke, alhamdu lillahi.

Ƙanwarka Saratu ta isar mani da saƙonka. Ta yi ta kewaye-kewaye, har na ce mata, "Ke, faɗi abin da anka aiko ki." Sai ta ce karatun nan na koyon sayar da kaya da kake saurare a waya, na kyautar ya ƙare, saura na biya. Ta ce masu shagon injin ban ruwa na sola sun ɗauke ka ne bisa gwaji, in noman rani ya wuce ba ka yi ciniki ba za su sallame ka. Kuma ba ka da abin biyan karatun sai ragon da ka kiwata mani don layya. Wai in ban so ba, a bar maganar kamar ba a yi ta ba.

Na san abin da ya hana ka faɗa mani da bakinka, shi ne ya hana ni kiran ka a waya. Kai ne na fari. Tun da anka haife ka ban taɓa kama sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ido da ido ba. Haka na iske uwayena suna yi. To takarda dai ba ta kallon mutum, shi ya sa na ɗauko ta. Ka yi haƙuri da rubutun, bokon ajin manya ne, hannuna ya fi sabawa da allo.

Amsata tana ƙarshe. Amma kada ka tsallaka ka je can, ka bi ni a hankali.

Lokacin da anka kawo ni gidan fawa daga Faru, ban san kan nama ba, 'yar manoma ce ni. Na iske kowace mace a gidan da sana'arta, ni kuma raina ya kwanta da dambun nama. Wadda ta fi kowa iya shi a unguwa ita ce Inna Tumba, matar baffan mahaifinku, Allah ya jiƙan su duka. Dambunta sai a tafi da shi Makka a dawo bai canza ba. Na je na durƙusa na gaishe ta na ce ina son koyo. Ta dube ni ta ce, "Amarya, koyo da zane ɗaya da goro ne. Ni ma haka na biya." Na dawo ɗaki raina a ɓace. A ganina mutum ba ya karɓar lada a hannun matar ɗanshi. Na ce ai dambu ba karatu ba ne, ido ma ya isa. Sai na riƙa fakewa da aron turmi ko faifai ina leƙen yadda take yi.

Na ga tana dafawa, na dafa. Na ga tana dakawa, na daka. Na ga tana soyawa, na soya. Nawa kuwa in ya kwana biyu a kwano sai hunhuna ta rufe shi. Mahaifinku bai taɓa yi mani faɗa ba, sai dai in ya shigo da nama ya ce, "Hajara, ga na kaji ya iso." Don su ke cinye ƙarshenshi. Na daɗe a haka, naman da na ɓata ya sayi zannuwa ba ɗaya ba. Da na gaji na ɗauki zanen da na fi so cikin kayan aurena, na haɗa da goro na kai mata. Ta karɓa, ta ɗora kasko. Da nama ya shiga mai ta ce, "Rufe idonki." Na rufe. Ta ce, "Mi kike ji?" Na ce ƙarar mai. Ta ce, "To wanga ruwa ne ke kuka. Ba a saukewa sai ya yi shiru. In kin sauke kuma ki baza shi ya huce sarai kahin ki rufe kwano." Shi ke nan fa. Abin da na yi ta leƙe ban gani ba, ashe ba na ido ba ne.

Abin ya ba ni kunya, don ni ce na tashi ina kai ma malaminmu na allo kuɗin Laraba, ban taɓa ganin laifin haka ba. Don haka kada wani ya ce maka biyan kuɗi don koyon ciniki wauta ce, wai ɗan Mafara da kasuwa anka haife shi. An haife ka kusa da kasuwa ne. Mahaifinka nama ya sayar, kowa ya san nama, ba sai an yi mashi bayani ba. Kai kuwa za ka tsaya gaban manomin da ya saba da injin fetur ka ce mashi ya dogara da rana. Wannan wani ciniki ne dabam, kuma babu wanda zai koya maka shi a gidanmu.

Ka sani kuma ba a kan jahilci nake magana ba. Duk la'asar ɗin da kake zama gindin darbejiya kana kunna malamin nan mai jar hula, ni ina ɗakin girki, kuma kunnena lafiya lau. Da farko na ɗauka irin masu zaƙin bakin nan ne da ke alkawarin mota cikin wata guda. Sai na ji shi yana cewa mai sayarwa ya fara da tambaya, ya bar mai saye ya yi magana. Na ji ya ce bayan an yi ciniki a koma a duba ko kayan suna aiki, kada a ɓace sai ranar da ake son wani cinikin. Na aje muciya na ce, wanga bawan Allah ya zauna da mutane. Allah ya saka mashi da alheri, ko ban san shi ba.

Har na amfana da shi ba da saninka ba. Ka san halina, ban iya faɗin kuɗin kayana. Mace ta ce nawa ne gwangwani, sai in sunkuyar da kai in ce, "Haba, ba da abin da ya sawwaƙa." Masu kirki su rasa yadda za su yi, marasa kirki su ba da abin da bai kai kuɗin mai ba, ni kuma in yini da ciwon abin a zuciya ina zargin mutane. Alhali laifina ne, ni na bar ciniki a duhu, kuma an karantar da mu cewa ciniki a duhu ba shi da kyau. Malaminka ya ce a faɗi farashi sau ɗaya, a fili, sannan a rufe baki. Na gwada a kan maƙwabciyarmu Hajiya Balki. Na faɗa na yi shiru. Ta dafa ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu! Yau Hajara baki ya buɗe? Wa ya yi maki rubutu kinka sha?" Ta biya tana dariya, har ta ce ta huta da lissafin zuci. Shekaruna nawa ina sana'a, sai a wayar ɗan cikina na koyi wannan.

Amma akwai darasi ɗaya da na ji wanda ya sa na bar tuwo ya kama. Ya ce sabon mai sayarwa ya fara da danginshi da abokan ubanshi, don su ne ba za su iya ce mashi a'a ba. Wataƙila a garinsu haka ya dace, ban sani ba, ba ni zagin malami. Amma a nan, wannan maganar gaskiya ce ƙwarai, kuma gaskiyarta ce abin tsoro. Mutanenmu ba su iya cewa a'a. Mutum ya sayi abin da bai buƙata don kunya, ya yi maka godiya har da addu'a, ya koma gida ya kasa barci.

Na taɓa yin haka, nan Bakura inda kake. An yi suna a gidan dangin mahaifinku, na tafi da dambu cikin langa, da niyyar in an watse in nuna ma mai so. Akwai wata Asabe, matar wani ɗan'uwansu, yarinya ce lokacin, mai yawan fara'a. Ta ɗanɗana ta ce, "Kai, Yaya Hajara, wanga ko na Inna Tumba albarka." Daɗin yabo ya kwashe ni. Cikin ɗaki cike da mata na tura mata langar na ce, "To ɗauki mana, ai ke ta gida ce, ba ki bari in koma Mafara da shi." Kowa ya juyo yana kallonta. Ta yi murmushi, ta kwance bakin zane ta biya. Na ji daɗi na ce na yi ciniki. Sai da anka zo ba mai jego barka na neme ta na rasa. Ashe kuɗin barkar ne ta ba ni, ta sulale ta tafi gida don kada a ga hannunta wayam. Daga baya na je na ba ta haƙuri, ta ce ba komi, kuma na san ta yafe. Amma har yau in mun haɗu a biki, sai ta duba hannuna tukun kafin ta matso.

Langa ɗaya ke nan ta dambu. Kai abin da ke hannunka sai mutum ya sayar da sa ko ya jinginar da gona. Mahaifinka ya bar suna mai kyau daga Jangebe har Maradun, babu gidan da za ka yi sallama ka ce kai ɗan wane ne a ƙi shimfiɗa maka tabarma. Suna ganin ka za su tuna maraya ne kai. In ka so, cikin rani ɗaya sai ka cika ma masu shago ido da wannan kawai. Amma rani na biyu za ka yi sallama a ce maigida ya fita, alhali takalminshi na ƙofar zaure.

Da wannan damuwar nake kwana nake tashi, har ranar da kawunka Maiwada ya zo daga Faru yi maka sallama. Kuna zaure, ni ina bayan ƙofa na kawo fura, sai na tsaya. Ban yi niyyar saurare ba, Allah ya gafarta mani, ƙafata ce ta ƙi tafiya.

Na ji shi da muryar nan tashi kamar yana kiran shanu, yana cewa, "Ɗan ƙanwata ya fara sana'a, in ban buɗe mashi kasuwa ba wa zai buɗe? Rubuta ni na farko. Ɗaya daga shanun huɗa zan kai kasuwa ran Talata."

Na riƙe ƙwarya da hannu biyu. Na san kana neman cinikin farko kamar ruwa a azumi.

Sai na ji ka ce, "Na gode, Kawu, Allah ya bar zumunci. Amma 'yar fadamar nan taka, da mi kake ba ta ruwa?"

Ya ce, "Rijiya mana. Ko ka manta inda ka faɗa kana yaro?"

Ka ce, "Ruwanta yana kai wane lokaci?"

Ya ce, "In zahi ya shigo sai mu bi shi da guga muna lallashi."

Ka tambaye shi girman wurin, ka tambaye shi abin da yake shukawa, ka bar shi ya yi ta zuba har da labarin albasar da ta ruɓe mashi bara. Sannan ka ce, "Kawu, injin ga ba naka ba ne. Zai zuƙe rijiyar kafin hantsi ya tsaya yana jiran ruwa. Ga shi ka raba shanun huɗa, damina ta zo ka rasa na noma. Na masu gona bakin kanal ɗin ban ruwa ne, ko masu rijiya mai zurfi."

Sai ya ce, "Yaro, kuɗina ne ba ka so, ko ni ne ba ka so?"

Ka ce, "Sanka nake so ya kwana gida, Kawu."

Ya fashe da dariya har yana tari. Ya ɗaga murya ya ce, "Hajara! Na san kina nan bayan ƙyaure. Wane irin ɗan kasuwa kinka haifa, mai korar kuɗi da sanda?" Na shigo na aje fura ban dubi kowa ba na fita. Ka ga kamar ban ji komi ba. To na ji. Na koma ɗaki na yi alwala na yi nafila, na gode ma Allah da ya nuna mani wannan ranar. Da kawunka zai tafi ya ce mani zai yi maganarka da wani abokinshi mai gonar shinkafa ƙarƙashin madatsar ruwan Bakolori. Ko ya yi ko ya manta, ka san shi, kada ka sa rai.

Abin da na lura da shi shi ne wannan. Tambayoyin nan da ka jero mashi ɗaya bayan ɗaya, ba a gidanmu ka koye su ba. Mahaifinka mai gaskiya ne amma ba shi da haƙurin tambaya, ni kuma ban iya buɗe baki. Na malamin waya ne. Ƙin karɓar san kawunka kuwa ba malamin ya koya maka ba, shi cewa ya yi ka karɓa. Ka ɗauki na ɗauka ka bar na bari, ba tare da kowa ya tsaya kanka ba. Yaron da ya iya tankaɗe irin wannan, ba ni tsoron ya shiga kowace makaranta. Ban taɓa yabon ka ba, kuma ba zan iya maimaitawa da baki ba, don haka ka karanta wurin nan da kyau: ka burge ni. Ka fi ni hankali lokacin da nake da shekarunka, nesa ba kusa ba.

Sai dai kafin ka tura ma masu karatun kuɗi ka bincika mani abu kaɗan. Ka nemi wanda ya riga ya biya ya gama, ba wanda su sunka nuna a hoto ba, ka ji ko yana sayar da wani abu yanzu, ko kuwa karatun kawai yake tallatawa. In duk almajiran malami ba su da sana'a sai neman wasu almajirai, ka riƙe kuɗinka. Ka tambaya ko in abu ya shige maka duhu akwai mai amsa maka, don ni da Inna Tumba ba ta ce in rufe ido ba, da har yau kaji nake ciyarwa. Kuma ka ji ko karatun yana zama cikin waya, tunda in ka nufi wajen Faru sabis sai an hau tudu. In sun ce akwai wani babba a gaba wanda ya fi wannan tsada, kuma na san za su ce, kada ka waiwaya sai ka yi aiki da na hannunka har ya tsufa.

In malamin ya ce ka yi sauri ka shiga magana, ka tuna manomin Bakura sai ka tambayi gajiyarshi da iyalinshi da ruwan bana kafin ya san da mutum yake tare. In manomin ya ce zai yi shawara da yayanshi, ka bar shi ya yi, ba gudu ba ne. In malamin ya ce ka ce saura ɗaya alhali shago cike yake, wannan ba sai na faɗa maka ba. Kuma don Allah duk cinikin da zai kai ka la'asar a hanyar ƙauye, ka bar shi ya kwana.

To, maganar rago.

Ba zan ɓoye maka ba, da Saratu ta faɗa sai da raina ya sosu. Tun rasuwar mahaifinku ban yi layya da abin kaina ba, sai dai a aiko mana. Bana na riga na gaya ma Hajiya Balki cewa ɗana ya ɗaure mani rago. Kullum da safe ni ke ba shi dusa, ya san muryata, in na fito sai ya miƙe. Na kai maganar gaban Allah, na kuma tambayi malamarmu ta Islamiyya. Layya tana kan mai hali ne, kuma gidan fawa ba a rasa nama ranar Salla. Abin da zan rasa shi ne a ce ga ragon Hajara, wannan kuwa son zuciya ne, ba ibada ba.

Na kira baffanka Isa, tunda shi ne dillali, na ce ya kai shi kasuwa. Na ce mashi duk wanda ya taya, a nuna mashi ƙafar gaba ta hagu da ta taɓa karyewa. Ya riƙe baki ya ce, "Matar yaya, ƙahwar da ta warke tun yana ɗan ƙarami? Ko likitan dabbobi bai gani. Wa ya sani?" Na ce, "Ni na sani." Ya ce, "Ke da ɗanki wallahi sai kun talauta dillalan Mafara." Ya ja shi yana mita, ragon yana waiwaye. Ya dawo ya ce ya nuna, mai sayen ya rage wani abu, amma abin da ya saura zai ishe ka. Kuɗin suna hannunshi, in ka gama binciken da na ce sai ka kira shi ya tura maka. In kuma binciken bai yi maka daɗi ba, kada ka biya don kunyar an riga an sayar da rago. Ni ma ban yarda ka saya don kunyata ba.

In ka zo gida kada ka yi mani godiya, kada ka ta da maganar takardar nan. Ka gaishe ni yadda ka saba, in amsa yadda na saba. Abu ɗaya nake so: ka zauna gindin darbejiya ka kunna karatun, ka ɗan ƙara murya, don da ragona anka biya, ina da rabo a ciki.

Saratu ta so ta tumɓuke turken ragon don tana tuntuɓe da shi. Na ce ta bar shi inda yake.

Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a cikin abin da za ka koya, ya ba ka halal mai yalwa, ya haɗa ka da masu saye na gari, ya sa su yi farin ciki da ganin ka karo na biyu fiye da na farko. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga sharrin hanya, ya jiƙan mahaifinka. Ka riƙe salla a kan lokaci ko kana tsakiyar gona, ka riƙe azkar na safe da maraice. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarshi ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Innarku,
Hajara, Talata Mafara.